Duk Abin da Ya Amsa

A ƙasan wani bene mai hawa uku akwai shagon aski, a cikin shagon kuma akwai wani mutum da ake kira Farfesa. Ba wata jami'a ce ta ba shi sunan ba. Mai kantin da ke daura da shi ne ya laƙaba masa, ranar da ya zaunar da shi ya yi masa bayanin yadda jirgin sama yake yin ribas a cikin gajimare. Mai Kanti don tsiya ya faɗa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya zama in ka kira shi da sunansa na ainihi sai ya waiga bayansa ya ga da wa kake.

Aski dai ya iya, wannan ba mai ƙwace masa. Matsalar ita ce bakinsa da injin askinsa maɓalli ɗaya ne yake kunna su. Da zarar ya ɗaura maka ƙyalle a wuya ka shiga aji ke nan. Zai koya maka yadda ake gyara tattalin arziki, da abin da likitoci ba su gano ba game da hawan jini, da kuskuren da mai tsaron raga ya yi jiya. Ba mai yi masa musu, don ba wanda yake jayayya da mutumin da ke riƙe da reza a bayan kunnensa. Farfesa kuwa ya ɗauka shirun nan gamsuwa ce.

A hawa na biyu yake zaune da matarsa, ma'aikaciyar jinya, da 'yarsu ta ƙarshe, Auta, 'yar aji biyu. Wata rana Auta ta dawo daga makaranta idanu sun yi ja. Littafinta na rubutu ya sha jan biro har ba a ganin farin takarda. Malamarsu ta zagaye kowane suna, don Auta ta fara su duka da ƙaramin baƙi, har da nata. Abin da ya fi ƙona mata rai, Malama ta ce a ƙarshen wata za a zaɓi wanda zai rubuta sunayen 'yan aji a babban kwali a liƙa a ƙofa, kuma Auta, duk da ta fi kowa kyawun rubutu, ba za ta samu ba in ba ta gyara wannan ba.

Uwar ta share mata hawaye, ta ce ranar da ba ta da aiki za su zauna su gyara. Farfesa ya karɓi littafin, ya ɗaga shi sama wajen fitila kamar likita mai duba hoton ƙashi, ya girgiza kai. Ya ce wannan ba laifin yarinya ba ne, laifin tsari ne. Malaman yanzu sai su ɗauki abu mai sauƙi su nannaɗe shi a cikin turanci da jan biro. Shi da za a ba shi yaro, kafin shayi ya huce ya gama da maganar babban baƙi.

“Baban Auta,” matar ta ce, “ka bar mini wannan. Kai ka ji da wajen kai, mu ji da cikinsa.”

“Maman Auta, shekara nawa ina riƙe da kawunan mutane a hannuna? Kina ganin ban san abin da ke ciki ba?”

Ta dube shi, ta dubi agogo, ta ɗauki jakarta ta tafi aiki.

Washegari kafin azahar duk wanda ya zauna a kujerar aski ya ji labari. Mai Kanti, da ya leƙo aron almakashi, ya ce ai shi ma tagwayensa haka suke fama, in dai Farfesa ya isa, ya haɗa da su. Matar da ke ɗinki a hawa na uku, wadda kowa yake kira Gwaggo Tela, ta ce nata ɗan ma a saka shi, ko ba komai za ta samu ta yi ɗinki cikin natsuwa. Kafin la'asar bencin jiran layi ya cika da yara, ƙafafu suna lilo, kowa da littafinsa a cinya.

Allo babu, sai Farfesa ya ce ga madubi. Ya aika aka aro maka, wato babbar biro mai kaurin baki, a wajen Mai Kanti, irin wadda yake rubutu da ita a jikin kwalaye. Mai Kanti ya san ba ta goguwa. Ya miƙa ta da fara'a, har ya tambaya ko ɗaya za ta isa.

Farfesa ya gyara tsayuwa, ya rubuta a tsakiyar madubin da manyan haruffa: BABBAN MUTUM, BABBAN BAƘI. Ya juyo ya ce shi ke nan, abin da makaranta take ɓata shekara a kai ke nan, wanda bai gane ba ya ɗaga hannu.

Auta ta ɗaga. Ta ce to ashe ita ce da gaskiya, don ita ƙarama ce, shi ya sa ta rubuta nata da ƙarami. Babban tagwaye ya ce babansu gajere ne amma yana da tumbi, wanne za a ba shi? Ɗan Gwaggo Tela ya ce jaririn gidansu fa, in ya girma za a koma a goge a sake? Ƙaramin tagwaye ya ce firij ɗin kantinsu ya fi kowa girma a layin nan.

Farfesa ya ƙara wa fanka gudu. Ya ce wannan gwaji ne ya yi musu don ya ga masu kaifin kai, kuma sun ci. Ya ɗauki tawul zai goge madubin. Ya goga, ya zuba ruwa, ya fesa man aski, rubutu yana nan daram. Cikin fushi ya leƙa ƙofa ya ƙwala wa Mai Kanti kira.

Daga can cikin kanti aka ce, “Na'am?”

Farfesa ya tsaya cak da tawul a hannu. Fuskarsa ta washe. Ya manta da madubi, ya juyo wajen yaran a hankali kamar wanda aka yi wa wahayi.

“Kun ji? Na kira shi, ya amsa. To ku buɗe kunnuwanku. Duk abin da ka kira ya amsa, suna ne, babban baƙi. Duk abin da ka kira ya yi shiru, ƙaramin baƙi.”

Nan take aka gwada. Aka kira kujera, shiru. Aka kira almakashi, shiru. Aka kira Auta, ta ce na'am tana dariya. Aka bi yaran ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa, kowa ya rubuta sunansa da babban baƙi, ba wanda ya kuskure. Farfesa da kansa sai da tsigar jikinsa ta tashi. Ya rataye kalanda a kan tsohon rubutun, ya sallame su da aikin gida: kowa ya je ya kira duk abin da ya gani, ya rubuto sakamako.

Benen nan bai taɓa ganin yamma irin wannan ba.

Da farko abin ya tsaya a kan tukwane da takalma. Sai ƙaramin tagwaye ya gano cewa in ka tsaya a ƙasan matakala ka kira abu, ana amsa maka daga sama da muryarka. Nan da nan aka yi layi. Aka kawo bokiti, aka kira shi, ya amsa. Aka kawo tsintsiya, ta amsa. Wani ya jawo keken yayansa. Kafin magariba rabin kayan benen sun samu babban baƙi. Kyanwar da ke kwana a ƙofar kanti ita ko matakala ba ta buƙata ba, kira ɗaya ta amsa.

Sannan aka koma kan mutane. Yaran nan ba su san sunayen manya ba, sun san Baba da Kawu da Gwaggo. Amma a ƙarƙashin matakala akwai mitocin wuta, kowace da sunan mai ita a rubuce. Suka kwafe, suka rarrabu hawa-hawa. Gwaggo Tela tana tsakiyar sa zare a allura ta ji an rangaɗa mata sunanta tsirara, ba gwaggo ba komai, sunan da rabon ta ji shi tun tana budurwa. Ta fito da abin awo a hannu tana tambayar wane marar kunya ne. Yaran suka duƙa suka rubuta mata babban baƙi, don ta amsa. Wani dattijo mai natsuwa a hawa na ɗaya ya ji nasa, ya ga bai kamata ya biye wa yara ba, ya ci gaba da karatun jaridarsa. Ya samu ƙarami. A taƙaice, duk mai saurin fushi a benen ya samu girma, duk mai haƙuri ya rasa.

Ɗan Gwaggo Tela, wanda babansa direban babbar mota ne yana kan hanya, ya ari wayar uwarsa ya kira shi. Bai ɗauka ba, sai wata mata ta ce lambar ba ta shiga. Yaron ya ba babansa ƙaramin baƙi, ya ba lamba babba. Auta kuwa ta hau can saman bene ta kira sunan garinsu har muryarta ta dushe, gari bai kula ta ba. Ta kira Litinin, ta kira Talata. Ba wadda ta amsa.

Da safe ƙorafi ya yi sallama a shagon aski tun kafin mai shago ya gama share gashin jiya. Gwaggo Tela ta ce ta kawo ɗanta a koya masa rubutu, an koya masa kiran sunan uwarsa. Farfesa ya ce duk sabon ilimi haka yake zuwa da ɗan hayaniya. Mai Kanti ya ce shi ba shi da ƙorafi, shi dai ya zo ya ji ko gaskiya ne bokitinsa ya fi dattijon hawa na ɗaya daraja.

“Kai ba ka san komai a harkar ilimi ba,” in ji Farfesa.

“Ban sani ba. Amma kyanwata ta sani, jiya aka ba ta muƙami.”

Da yamma Farfesa ya yi wa dokar kwaskwarima. Ya ce amsar matakala ba amsa ba ce, muryarka ce ta je ta dawo. Zagi ma ba amsa ba ne. Dole sai abu ya ce na'am. Yaran suka goge bokiti da tsintsiya cikin baƙin ciki. Sai rigima ta tashi a kan kyanwa. Tagwaye suka rantse cewa in ka kasa kunne da kyau, na'am take cewa. Aka ɗauko ta aka kawo gaban shari'a. A lokacin akwai wani direban bas a kujera, yana sauri zai koma layi, an yi masa rabin aski. Farfesa ya ce kowa ya yi shiru, ya karkata kunne wajen kyanwa, injin yana kunne a hannunsa. Babban tagwaye ya ɗan matsa mata wutsiya. Ta yi kuka, yara suka yi shewa, Farfesa ya juya da sauri, injin ya buɗe titi fetal daga ƙeyar direba har goshi.

Direban ya daɗe yana kallon kansa a madubi, ta gefen kalanda. Farfesa ya ce wannan salo ne da bai iso nan ba tukuna. Direban ya ce to kada ya iso ta kansa. Aka yi masa tal-kwabo, ya fita yana shafa kai yana faɗin abubuwan da Farfesa ya ce wa yaran kada su rubuta. Ita kuwa kyanwa, a cikin ruɗanin, ta tsira da babban baƙinta.

Sabuwar dokar ba ta kawo sauƙi ba. Yanzu yaran sai sun koma wa duk wanda ya zage su jiya, su sake kiran sunansa, su roƙe shi don Allah ya ce na'am. Gwaggo Tela ta fara ajiye kofin ruwa a bakin taga, don watsa wa duk wanda ya sake kiranta.

Ana haka Malama ta tare Maman Auta a ƙofar makaranta. Yarinya ce mai ladabi, ba ta daɗe da fara koyarwa ba, sai da ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta tambaya ko lafiya a benensu. Ta ce duk yaran da suka fito daga can littattafansu sun birkice iri ɗaya: kyanwa da babban baƙi, ranakun mako da ƙarami, wani yaro ma ya rage wa babansa girma ya ce sai ya dawo daga tafiya. Maman Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta dawo gida ta faɗa wa mijinta, ta ce ya rufa musu asiri ya rufe makarantar nan.

Farfesa ya yi murmushin wanda ya san abin da wasu ba su sani ba. Ya ce tsoro ne ya kama Malama, ta ga ana shirin raba ta da alli. Tunda abin ya zama haka, ranar Asabar zai tara iyaye a ƙofar shago, a gayyato Malamar, yara su nuna abin da suka koya a gaban kowa. Kuma Baba ne zai zama babban baƙo.

Baban da yake nufi surukinsa ne, mahaifin Maman Auta, tsohon direban jirgin ƙasa wanda ƙarar inji ta cinye wa kunne. Dogo ne, ba ya son wargi, duk Asabar yakan zo ya ga jikarsa a rage masa suma. Tun da Farfesa ya auri 'yarsa, tsohon bai taɓa kushe shi ba, bai kuma taɓa yaba masa ba, kuma wannan abu ya daɗe yana ci wa Farfesa rai. Ya ƙudurta wannan karon sai ya ji kalmar yabo daga bakin nan.

“Ka bar Baba a gefe,” matar ta ce. “Ka ji kunyarka kai kaɗai.”

“Ki dai tanadi kujera mai hannu.”

Ranar Asabar aka fito da benci da kujerun roba. Farfesa ya samo wani faffaɗan katako ya shafa masa baƙin fenti, ya jingina shi a kan kujerar aski da aka turo waje. Ya ɗora kwat a kan rigar aikinsa, mataji yana leƙe daga aljihu. Jama'a ta taru fiye da yadda aka gayyata, don Mai Kanti ya bi layi yana cewa a zo, kallo kyauta ne. Har direban bas ya zo, da hula. Malama ta zauna a gefe, jaka a cinya. Tsoho yana tsakiya a kujera mai hannu, sanda tsakanin gwiwoyi, kyanwa ta zo ta kwanta a ƙafarsa.

Farfesa ya yi jawabi. Ya yi maraba da manyan baƙi da suka zo ganin manyan baƙaƙe, maganar ta yi masa daɗi har sai da ya maimaita ta. Sannan aka fara. Aka kira yara suka amsa, suka rubuta sunayensu daidai. Aka kira benci ya yi shiru, aka rubuta shi daidai. Aka yi tafi. Malama ma ta tafa. Farfesa ya saci kallon surukinsa, ya ga yana gyaɗa kai, ko da yake yana yiwuwa gyangyaɗi ne.

Da ya tsaya a nan da ya sha. Amma tafi ya hau masa kai. Ya ɗaga hannu ya ce yanzu, don girmama babban baƙo, 'yarsa Auta za ta rubuta sunan kakanta.

Auta ta karɓi alli. Yarinya ce mai bin doka, ba ta taɓa tsallake mataki ba. Ta zo gaban kakanta ta tsaya, ta haɗa ƙafafu, ta kira shi da cikakken sunansa a gaban jama'a. Uwarta ta rufe baki da mayafi. Tsoho yana sunkuye yana sosa wa kyanwa wuya da kan sanda. Auta ta sake kira da ƙarfi. Farfesa ya fara yi mata alama da ido, da gira, da kafaɗa, amma ita aikinta take yi. Ta cika ƙirji ta kira na uku. Tsoho bai ɗago ba. Kyanwa ce ta ɗago ta yi kuka.

Auta ta juya wajen allo, ta rubuta sunan kakanta da kyakkyawan rubutunta, da ɗan mitsitsin baƙi a farko. Babban tagwaye, ganin an amsa kuma ba a ba mai haƙƙi haƙƙinsa ba, ya ruga ya rubuta Kyanwa a sama da shi, da K mai tsawon hannu.

Kunnen tsoho ne ya tafi, idonsa yana nan. Ya laluba aljihu ya sa tabarau, ya karanta allon daga sama har ƙasa. Sannan ya yi tambaya da irin muryar waɗanda ba sa jin kansu, wadda ta kai har bakin titi: wa ya koya wa yarinyar nan haka?

Yara goma suka nuna Farfesa.

Farfesa ya matso ya durƙusa, ya fara bayani ƙasa-ƙasa. Tsoho ya ce ya ɗaga murya. Ya ɗaga. Tsoho ya sa hannu a bayan kunne. Ƙarshe dai sai da Farfesa ya kafa baki a kunnen surukinsa ya kwarara dokarsa iya ƙarfinsa, cewa duk abin da aka kira ya amsa shi ne mai babban baƙi. A cikin shago, da fanka tana juyawa, dokar tana da kwarjini. Da aka faɗe ta da ihu a tsakiyar titi, shi kansa mai ita sai da ya ji wani iri. Mai Kanti ya riga ya zame daga kujera yana riƙe da ciki.

Tsoho bai yi dariya ba. Ya ce, “To, mai aski. Matata ta rasu. Kullum da safe sai na kira sunanta, na manta. Ba ta amsawa. Ita ma ƙarami za ka ba ta?”

Dariyar ta ɗauke kamar an kashe rediyo. Farfesa ya buɗe baki, karo na farko a tarihin layin nan ba abin da ya fito.

Tsoho ya dogara sanda ya miƙe, ya karɓi allin daga hannun jikarsa, ya share tsakiyar allo da tafin hannu. Ya rubuta sunan marigayiyar a hankali, ya ƙawata baƙin farko irin na mutanen da, da lanƙwasa da jela. Ya ja da baya ya dube shi. Ya ce wa Auta suna na mutum ɗaya ne, nasa ne shi kaɗai, ko yana kusa ko yana nesa, ko yana ji ko ba ya ji. Don haka ake tayar masa da baƙin farko tsaye. Maman Auta ta sa gefen mayafi ta goge ido.

Malama ta taso cikin ladabi ta ce haka ne, kuma haka sunan gari yake, da na ƙasa, da na ranaku. Kyanwoyi kuwa suna da yawa a duniya, sai in an raɗa wa wannan nata sunan.

A nan ne Farfesa ya samo muryarsa. Ya miƙe, ya kaɗe gwiwar wando, ya ce madalla, Baba da Malama sun riga shi, wannan shi ne darasi na biyu da ya shirya farawa ranar Litinin. Yana faɗa ya jingina gwiwar hannu a kan kujerar aski don ya nuna hankalinsa kwance yake. Ya manta kujerar juyawa take yi. Ta juya, allo ya tafi gefe guda, Farfesa ya tafi ɗaya gefen yana cafkar iska. Tsoho ya tare allon da sanda kafin ya taɓa ƙasa. Shi kuwa Farfesa ba wanda ya tare shi. Ya yi taga-taga da baya ya faɗa zaune daɓas a kan bencin yara, tsakanin tagwaye, ƙafafu a sama.

Wannan karon har dattijon hawa na ɗaya sai da ya rufe fuska da jarida yana girgiza.

“Tunda ka samu wuri, Baban Auta,” in ji Malama, “sai mu fara darasi na biyun yanzu.”

Haka aka yi. Mai Kanti da direban bas suka riƙe allo, Malama ta koyar, yara suka gyara littattafansu, aka mayar wa direban babbar mota da girmansa tun kafin ya dawo. Da ta tambaya wa ya gane, hannun da ya fara tashi daga benci mai gashi ne, da agogo a wuyansa.

Da jama'a ta watse aka mayar da kujera ciki, tsoho ya hau ya ce a yi masa askinsa na Asabar. Farfesa ya ɗaura masa ƙyalle. Ya kunna inji, bakinsa bai kunnu ba. Ya yi askin nan daga farko har ƙarshe ba uffan, ya gyara gefe, ya kaɗe wuya da buroshi, ya shafa hoda. Tsoho ya juya kai hagu da dama a gaban madubi, ya gamsu. Ya miƙe, ya dafa kafaɗar surukinsa.

“Mutane suna ce mini kana da surutu,” ya ce, da muryar da Mai Kanti ya ji daga cikin kanti. “Ni dai tun da ka auri 'yata ban taɓa jin ka faɗi maganar banza ba. Sai yau da ka matso kusa.”

A ƙarshen wata Auta ce ta rubuta kwalin ƙofar aji, kowane suna da baƙinsa tsaye. Farfesa ya je ya ɗauki hotonsa a waya, yana nuna wa duk wanda ya zauna a kujera, yana cewa ɗalibarsa ce. In kuma wani ya yi gyaran murya, sai ya ɗan karkata masa kai gefe, ya kawo reza daidai bayan kunne, ya shaida masa cewa surukinsa, mutumin da ba ya yabon kowa, ya faɗa da bakinsa cewa bai taɓa jin ya yi maganar banza ba.

Daga can cikin kanti sai a ji murya ta ce, “Ƙarasa mana.”

Sai Farfesa ya ƙara wa inji ƙara.